Awon Kitse a Jikin Tsoho: Inda Lissafi Yake Kaucewa

Babu na'urar da ke auna kitsen mai rai kai tsaye. Kowace wani abu take aunawa, ko nauyi, ko kaurin fata, ko ruwan jiki, sannan a buga lissafi a kintaci kitsen. Lissafin nan kuwa galibi da jikin masu sauran ƙarfi aka gina shi.

Ma'aunin BMI, wanda Ancel Keys ya raɗa wa suna a 1972, nauyi da tsawo kawai ya sani. Tsoho yana ranƙwafawa, tsawonsa ya ragu. Tsoka tana zubewa, yanayin da Irwin Rosenberg ya kira sarkofeniya a 1989, kitse kuma ya maye gurbinta. Sai ka ga dattijuwa ta yi shekara talatin sikeli na nuna mata kilo 60, alhali yanzu sai ta dafa bango take miƙewa daga tabarma.

Matse fata da ɗan awartaki ma bai tsira ba. Lissafin Durnin da Womersley na 1974, da ake yawan dogaro da shi, ya fito ne daga mutum 481 a Glasgow, 'yan shekara 16 zuwa 72. Ɗan tamanin ba ya ciki. Ga shi kuma tsufa na janye kitse daga ƙarƙashin fata zuwa cikin ciki da tsakankanin tsoka, inda awartaki ba ya kaiwa.

Wanda ya fi damuna shi ne sikelin da ke tura ɗan lantarki cikin jiki, domin ya bazu, kuma lambarsa tana kama da tabbas. Ya ɗauka cewa kashi 73 cikin ɗari na jikin da ba kitse ba ruwa ne. To, yaya tsohon da ƙafarsa ta kumbura, ko mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko mai azumi da la'asar? Ruwan ya motsa, lambar ta bi shi.

Hoton DXA ya fi su kusa da gaskiya, amma da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba.

Saboda haka kada likita ya sa tsoho rage cin abinci don lambar sikeli kaɗai. Ya ɗauko tef ya auna ƙugu da sha-raɓa, ya gwada ƙarfin damƙar hannunsa. Sha-raɓar da ta gaza santimita 31 tana nuna tsoka ta tafi, kuma wannan ya fi gaggawa.