Sakewa Ba Maimaici Ba Ne: Abin da Tarihin Ikilisiyarmu Ya Koya Mana

Akwai kalmar da ba ma wuni ba mu furta ta ba, wato "sake". Idan ruwan farko ya yaudare mu, shuka ta ƙone, sai mu ce za a sake shuka. Wanda jarrabawar WAEC ta kayar, mu ce ya sake zama. Amma idan uwa ta ce wa ɗanta "je ka sake riga", ba nufinta ya mayar da wadda ya cire ba. Ke nan kalmar tana ɗauke da abu biyu: a ƙara yi, kuma a canza. Nan ta bambanta da "maimaita", wato yin abu yadda aka yi shi dā.

Tarihin zuwan bishara gare mu ya nuna wannan bambanci. A watan Disamba na 1893, samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da burin kai bishara cikin ƙasar Sudan, yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada da ciwo a jiki, bai kafa ikilisiya ko ɗaya ba.

A 1900 ya dawo, zazzaɓi ya kuma kwantar da shi, aka mayar da shi gida. A karo na uku ne ya sake dabara: ya zauna a gida yana tara ma'aikata da gudummawa, wasu suka taho a madadinsa. A 1902 suka kafa tasha a Patigi, bakin kogin Kwara. Daga nan aikin SIM ya samu gindin zama.

Duk da haka, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana mishan shiga masarautun Arewa. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar kula da masu cutar kuturta, a Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Sannu a hankali bishara ta kai ƙauyukan kakanninmu a Matazu da Malumfashi, a 1954 kuma aka kafa ECWA. Daga saukar samarin nan uku zuwa wannan shekara, an yi shekara 61.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya koyar. A Irmiya 18, da tukunya ta lalace a hannun magini, bai yar da yumɓun ba, sai ya gina wata yadda ya ga ya dace. A Yunusa 3, saƙon da ya zo karo na biyu bai canza ba, annabin ne ya juya ya nufi Nineba. A Yohanna 3, Nikodimu ya ɗauka sake haihuwa maimaici ne, komawa cikin uwa, alhali Yesu yana maganar sabon rai daga Ruhu.

A zumuntarmu akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, da waɗanda karatu ya tsaya musu, da waɗanda kunya ta hana su dawowa sujada bayan sun faɗi. Ba za mu ce musu kawai "ku ƙara gwadawa" ba. Mu zauna tare mu duba abin da ya kamata a canza: abokan tafiya ne, ko lokacin addu'a, ko sana'a, ko girman kan da ke hana neman taimako?

Mu kuma tuna akwai wata kalmar da ake rubuta ta "sake", sai dai lafazi ya bambanta, wato sakaci. Manomin da ya yi sake har damina ta yi nisa ya rasa damar sake shuka. Wanda ya san ɗan'uwan da ya daina zuwa, ya je ya gaishe shi a wannan makon.

Ubangiji ya sabunta mu, ya ba mu hikimar gane abin da za mu bari da abin da za mu riƙe. Amin.