Ƙera akwatin lasifika da na'urar ɗab'i ta 3D

Akwatin da ake dasa lasifika a cikinsa yana da tasiri a kan sautin da kunne ke ji, kusan kamar yadda ita kanta lasifikar take da shi.

Wannan ne ya sa tun bayan da na'urorin ɗab'i na 3D suka yi arha, masu sha'awar kayan sauti a ƙasashe da dama suke ƙera akwatunansu a gida, suna kuma sauya lasifikokin da ke ciki da waɗanda suka fi inganci.

Amfanin akwatin

Irin lasifikar da aka fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka bayyana a shekarar 1925.

Ta ƙunshi maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da wani faifai mai siffar mazurari wanda ke kai da komowa idan lantarki ya ratsa wayar.

Duk lokacin da faifan ya tura iska ta gabansa, to yana janye ta ne ta bayansa. Idan babu shamaki a tsakani, sai iskar gaba ta zagaya ta cike gurbin baya, kakkauran sauti ya ɓace, a bar siririn kawai.

Akwatin shi ne wannan shamaki. Saɓanin ganga ko ƙwaryar goge, waɗanda ake so jikinsu ya amsa, shi akwatin lasifika ana so jikinsa ya yi shiru.

Akwatunan da aka fi sani iri biyu ne. Akwai mai bututun fitar iska, wanda Albert Thuras na cibiyar Bell Labs ya samu lasisin mallakar fasaharsa a 1932. Akwai kuma ƙaramin rufaffen akwati, wanda Edgar Villchur ya fito da shi a 1954.

Girman akwati ba a yin sa da ka. Injiniya ɗan ƙasar Ostireliya Neville Thiele a 1961, da kuma Richard Small a farkon shekarun 1970, sun tsara lissafin da ke nuna lita nawa na iska kowace lasifika ke buƙata, da tsawon bututun da ya dace da ita. Kamfanoni kan buga waɗannan alƙaluma tare da lasifikokinsu.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar 3D ta kan tebur tana narka zaren roba mai kaurin milimita 1.75, tana shimfiɗa shi hawa-hawa bisa zanen da aka yi a kwamfuta. Kaurin kowane hawa yakan kai kimanin milimita 0.2.

Scott Crump, wanda ya kafa kamfanin Stratasys tare da matarsa, shi ya nemi lasisin mallakar wannan fasaha a 1989. Shirin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, da kuma ƙarewar wa'adin lasisin a 2009, su suka buɗe ƙofar shigar na'urorin gidajen jama'a.

Babbar fa'idar na'urar ita ce daidaito. Tana fitar da akwati mai daidai girman da lissafi ya nuna, da bututu mai lanƙwasa, da gefuna masu zagaye waɗanda ke da wuyar sassaƙawa da katako.

Matsalolin roba

Sai dai kuma roba ba ta da nauyin katakon MDF mai kaurin milimita 18 da aka saba amfani da shi. Siririn bango yakan yi rawa, ya ƙara wa sautin wani amo da babu shi a asali.

Domin magance haka, maƙeran kan ƙara kaurin bango, su sanya masa dogarai daga ciki. Wasu kuma kan bar tsakiyar bangon fayau, daga baya su cika shi da busasshen yashi ko filasta.

Haka kuma iska kan zurara ta tsakanin hawa-hawan robar, don haka ake shafe cikin akwatin da gam ko fenti mai kauri.

Girma ma wani cikas ne, domin yawancin na'urorin gida faɗin abin da suke iya bugawa bai wuce santimita 22 zuwa 25 ba. Babban akwati sai dai a buga shi gunduwa-gunduwa a manne, kuma aikin na iya cin kwana guda ko fiye. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata shi baki ɗaya.

Robar PLA, wadda ta fi sauƙin bugawa, tana fara laushi a zafin kimanin digiri 60 na ma'aunin Selshiyos, zafin da gaban motar da aka ajiye a rana kan kai a ƙasashe masu zafi. Robar PETG kuwa takan jure har kusan digiri 80.

Sauya lasifika

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa lasifika mai tsada za ta gyara sautin kowane akwati, muddin ta shiga ramin.

Akwatin da aka auna wa wata lasifika zai iya yi wa sabuwar kaɗan, sautin ya riƙa bugun kunne, ko kuma ya yi mata yawa, faifan ya riƙa wuce iyakarsa.

Abu na biyu shi ne turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om. Lasifika mai om 4 tana jan kusan ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja, kuma hakan na iya ƙona amfilifayar da ba a yi ta domin wannan nauyi ba.

Sauyin om yana kuma rikita 'yar na'urar da ke raba sauti tsakanin babbar lasifika da ƙarama. Idan kakkauran sauti ya isa ga ƙaramar, takan lalace nan da nan.

Yawan wat da aka rubuta a jikin lasifika yana nuna wutar da za ta iya ɗauka ne kawai. Ƙarfin muryarta ana auna shi da desibel, kuma wadda ta gaza wata da desibel 3 tana buƙatar ninki biyu na wuta kafin ta kamo ta.

Saboda haka ƙwararru kan fara zaɓen lasifika, su duba alƙalumanta, sannan su zana akwatin da ya dace da ita kafin su kunna na'urar.