Ƙashin da Ya Tashi Daga Gadufawa Ya Tsaya a Yamai

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba tsaye da ƙafafunta. Yara kan tsaya baki buɗe. Amma kaɗan ne ke tambayar yadda ƙashin da ya kwanta cikin rairayi ya zo ya miƙe a birni.

Labarin ya faro daga Gadufawa, cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas. A 1965 wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya isa can bayan masu neman yuraniyom sun ba da labarin ƙasusuwa barbaje a ƙasa. Ya tono ƙashin dabbar da ake kira dinozor, aka kai Faris, aka yi shekaru ana aiki a kansa. Sai 1976 aka raɗa mata suna Ouranosaurus nigeriensis, wato da sunan Nijar a ciki. Masana sun ƙiyasta ta rayu shekara kusan miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Tenere ke da koguna da kadoji. Bayan an gama nazari, ƙashin ya dawo Yamai.

To, me ya ci waɗannan shekaru? Irin wannan ƙashi ya riga ya zama dutse, ga nauyi, ga saurin ruɓushewa. Kafin a taɓa shi sai an zana yadda yake kwance, an ba kowane guntu lamba. A share shi da buroshi, a ɗiga masa gam ya shige ciki. Sannan a naɗe shi da takarda, a tsoma tsumman buhu cikin filasta a lulluɓe, kamar yadda likita ke ɗaure karaya. In ya bushe sai a juya, a ɗora a mota.

A ɗakin aiki kuwa nan haƙuri yake. Ma'aikaci zai zauna da wata 'yar allura mai aiki da iska, yana kallo ta madubin ƙara girma, yana ɓanɓare dutse ƙwaya-ƙwaya. Ƙashi guda kan ci makonni. Daga nan a haɗa guntaye kamar mai gyaran fasasshiyar ƙwarya. Sau da yawa ba ainihin ƙashin ake tsayarwa ba: ana zuba kwafinsa mara nauyi, masu walda su ƙera ƙarfen da zai riƙe shi, na ainihi a adana.

Ku dubi Nigersaurus, wadda Paul Sereno na jami'ar Shikago ya raɗa wa suna a 1999. Haƙoranta sun kai 500, bakinta mai faɗi, tana kiwo kai ƙasa kamar saniya. Ƙashin kanta siriri ne har haske na ratsa shi, don haka da na'urar hoton asibiti aka ɗauki siffarsa, aka haɗa a kwamfuta. Sai 2007 duniya ta ga kamanninta.

Amma hannun farko a wannan aiki ba na bature ba ne. A wajen Ingal, inda makiyaya ke haɗuwa lasar gishiri, Abzinawan yankin ne suka nuna wa masu bincike ƙasusuwan da aka tono a 1997, aka sa wa dabbar suna Jobaria daga Jobar, wata halitta ta cikin labaransu. Mai bin raƙumi shi ya san inda iska ta yaye.

Nan ne maganar ta shafe mu. Makiyayi, in ka ga irin wannan ƙashi, kada ka ɗaga shi, kada ka bari dabbobi su tattake. Ka shaida wurin, ka gaya wa mai gari ko hukuma. Ƙashin da aka tsince daga makwancinsa ya rasa rabin labarinsa, don ba mai sanin da wane ƙashi yake haɗe. Ɗan kasuwa kuma, in an ba ka haƙori ko guntun ƙashi ka ƙetara da shi iyaka, ka sani Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma 'yan duwan na iya kama ka da kayanka duka. Kuɗin da za a ba ka ba zai kai kasuwa biyu ba. Ƙashin da ya isa Yamai kuwa, jikokinka ma za su je su gani.