Tarihin Birandi: Daga Tukunyar Turare Zuwa Jirgin Bayi

 A littattafanmu na soyayya da na zaman duniya, duk sa'ar da aka so a nuna wani attajiri ko ɗansa ya lalace, sai a zaunar da shi a falo a ɗora masa kwalba a gaba, a ce yana shan wuski ko birandi. Mai karatu ya ji sunan ya yi tir ya wuce, ba tare da ya san mene ne a cikin kwalbar ba. Ni da ku duk mun san hukuncin giya a addininmu, babu wata tababa a kai, to amma sanin tarihin abu daban, shan sa daban. Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, birandi ɗiyar fatauci ce, kuma wanda ya bi sawunta zai tarar da kansa a ɗakin binciken malaman Bagadaza, da kotunan Turai, da jiragen da suka kwashi bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma.

Bari mu fara da abin da ake nufi da ita. Idan aka matse inabi aka bar ruwan ya yi tsami har ya zama mai sa maye, wannan ita ce giyar inabi. Idan kuma aka zuba wannan giyar a tukunyar jan ƙarfe aka hura mata wuta, sinadarin da ke bugarwa zai riga ruwa tashi, domin shi yana tafasa ne a wajen digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100. Sai a bi da tururin ta cikin bututu mai sanyi ya koma ruwa, yana ɗiga a wani mazubi. Abin da ya ɗiga ɗin shi ne birandi. Wanda ya san yadda ake fitar da ogogoro daga bammi a kudancin ƙasar nan ya riga ya fahimci aikin. A garin Konyak na Faransa, sai an ƙona wajen lita 9 ta giyar inabi kafin a sami lita guda.

Ita wannan tukunyar tara tururi, Girkawan birnin Iskandariyya sun san ta, amma malaman daular Abbasiyawa ne suka gyara ta suka rubuta yadda ake aiki da ita. Akwai rubuce-rubucen da ake jinginawa Jabir bn Hayyan, akwai kuma Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya yi littafi sukutum a kan haɗa turare da tatso shi ta hanyar tururi. Abin da suka fi nema shi ne ruwan wardi da turaruka da magunguna. Sunan tukunyar da Larabci al-anbiƙ, kuma har yau da wannan suna Faransawa ke kiran tasu, sun ɗan karkata shi zuwa alambik. Kalmar alkohol ma da Turawa ke amfani da ita, asalinta al-kuhl ce, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke rambaɗawa a ido. Da farko tana nufin gari mai laushi, daga baya ta koma nufin tataccen asalin kowane abu, sannan ta ƙare a kan sinadarin giya.

Da wannan ilmi ya tsallaka Turai ta hanyar fassarar littattafan Larabci, likitocin Italiya na ƙarni na 12 da na 13 ne suka fara ƙona giyar inabi, suka raɗa mata suna ruwan rai, suna ba marasa lafiya da cokali. A shekarar 1310 wani babban malamin coci mai suna Vital du Four ya yi rubutu yana lissafa amfaninta ga jiki, kuma mutanen yankin Armanyak a kudu maso yammacin Faransa da wannan rubutu suke kafa hujjar cewa tasu birandin ce mafi tsufa a ƙasar.

Waɗanda suka fitar da ita daga ɗakin magani zuwa kasuwa su ne fataken Holan. A ƙarni na 16 da na 17 jiragensu kan je gaɓar yammacin Faransa sayen gishiri da giyar inabi. Matsalar ita ce giyar yankin ba ta da ƙarfi, kafin a kai ta gida ta lalace, ga ta kuma da cin wuri a jirgi. Sai suka ga idan aka ƙona ta, kaya ya ragu kuma ba ya ɓaci. Suka kira ta brandewijn, ma'ana ƙonanniyar giya, Ingilishi suka gutsure sunan ya koma birandi. Daga baya aka lura cewa wadda ta daɗe a gangar katako tana jiran jirgi takan canza launi ta yi ja-ja, zafinta ya ragu. Abin da ya faru bisa larura sai ya zama sana'a.

Shi ya sa idan ka duba manyan gidajen Konyak za ka ga baƙi a cikin waɗanda suka kafa su. Jean Martell, wanda ya fara a 1715, daga tsibirin Jasi ya zo. Richard Hennessy, wanda ya kafa nasa a 1765, mutumin Ayalan ne da ya yi aikin soja a rundunar Faransa. Rémy Martin kuwa, na 1724, ɗan yankin ne mai gonar inabi. Dokar Konyak tana da tsauri: sau biyu ake ƙona giyar a tukunyar jan ƙarfe, dole a gama ƙonawa kafin ƙarshen watan Maris na bayan girbi, sannan a ajiye ta a gangar itacen oak. Haruffan nan da ake gani a jikin kwalba shekaru suke nunawa: VS aƙalla shekara 2, VSOP shekara 4, XO kuwa tun 2018 sai ta kai 10. Kowace shekara wani kaso na abin da ke cikin ganga yakan bi iska, har wani baƙin naso da ke rayuwa da wannan tururi ya mayar da bangayen garin baƙaƙe. Armanyak ita sau ɗaya aka fi ƙona ta, kuma har yanzu ƙananan gidajen manoma ne suka fi yin ta.

A shekarun 1870 masifa ta faɗa wa Konyak. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ya shigo daga Amurka, mai cin saiwar inabi, ya bi gonaki ya kashe, har gonakin yankin suka sauko daga kimanin hekta 280,000 zuwa wajen 40,000 cikin shekara ashirin. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin Faransa aure da saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kafin gonakin su farfaɗo, masu wuskin Sikotilan sun ce gaba ta kai mu, sun mamaye teburin attajiran Ingila, 'yan jabu kuma suka cika kasuwa da kowane irin tarkace suna kiransa konyak. Wannan ne ya sa a 1909 gwamnatin Faransa ta shata iyakar yankin da shi kaɗai zai iya amfani da sunan, ta ƙara ƙarfafa dokar a 1936. Abin bai tsaya nan ba, domin a yarjejeniyar Basai ta 1919 da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya, a tsakiyar maganar ƙasa da diyya da sojoji, an saka sharaɗin da ya hana Jamusawa kiran tasu giyar da sunan yankunan Faransa. Dole suka koma kiranta Weinbrand.

Sauran ire-iren birandi kuwa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Nomandi, arewacin Faransa, inabi ba ya yi sosai saboda sanyi, sai tuffa, don haka tasu mai suna Kalbados da tuffa ake yin ta. A Italiya talakawan manoma ba su iya zubar da tukar inabi da ƙwallayensa bayan an matse ba, sai suka ƙona dusar suka fitar da grappa. A Sabiya da maƙwabtanta da wani ɗan itace mai kama da ɗinya suke yin tasu, wadda har Hukumar UNESCO ta sa al'adar yin ta cikin jerin kayan gadon duniya a 2022. A Armeniya an kafa masana'antar Yereban a 1887, ta zama abin alfaharin Tarayyar Sobiyat, har wani kamfanin Faransa, Pernod Ricard, ya saye ta a 1998.

Ta Sifen tana da nata labarin. Garin Heres da ake yin ta yana cikin Andalus, a zamanin mulkin Musulmi Sharish ake kiransa, kuma tsohuwar tukunyarsu alkitara sunanta daga Larabci ya fito. Su ba sa barin ganga guda ta tsufa ita kaɗai. Jera gangunan suke yi hawa-hawa, a ɗebi kaɗan daga mafi tsufa a cike gurbin da ta bayanta, haka har zuwa sabuwa. Sifaniyawa sun kai wannan ɗabi'a ƙasashen da suka mallaka. Filifin, wadda suka mulka fiye da shekara 300, ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin birandi a duniya, har a 2015 kamfaninta Emperador ya ƙulla cinikin saye Fundador, tsohon gidan birandin Heres. Bara ya saye gidan ubangidansa ke nan. A Kudancin Amurka kuma, Feru da Cile sun daɗe suna jayayya a kan sunan Fisko. Feru ta ce sunan tashar jirgin ruwanta ne, kuma tata ba a sa ta a katako ba a ƙara mata ruwa. Cile kuwa a 1936 ta ɗauki wani ƙauyenta mai suna La Unión ta sake masa suna Fisko Elki, don ita ma ta sami garin da za ta nuna.

Yanzu bari mu zo inda abin ya shafe mu. A ƙarni na 17 da na 18, birandin Faransa tana cikin manyan kayan da jirage ke saukewa a Sanluwi da Gore a ƙasar Senegal ta yau, da sauran tashoshin gaɓa, tare da yadi da sandunan ƙarfe da bindigogi. Da ita ake buɗe ciniki, da ita ake yi wa sarakunan gaɓa da dillalai gaisuwa, kuma tana cikin kayan da ake ƙirgawa a matsayin kuɗin mutum. A 1713 Faransa ta hana shigo da giyar rake cikin ƙasarta don kare masu birandi. Sai masu gonakin rake na tsibiranta a Karebiyan suka rasa inda za su kai ragowar ruwan raken da aka cire wa sukari, suka dinga sayar wa 'yan kasuwar Arewacin Amurka da araha. Su kuma suka mayar da shi giyar ram, suka kawo gaɓar Afirka suna sayen bayi, waɗanda za a kai su noma raken. Ka ga dokar da aka yi don kare manomin inabi a Faransa ta ƙara wa wannan mugun ciniki mai. A Afirka ta Kudu, inda Turawan Holan suka fara matse inabi a 1659 suka ƙona birandi ta farko a 1672, masu gonaki sun daɗe suna biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya. An haramta wannan a farkon shekarun 1960 amma ya ci gaba a ɓoye, kuma har yau yankin yana fama da yaran da aka haifa da naƙasa saboda shan iyayensu mata.

A taron Burasal na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da giya mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, har da waɗanda addini ya hana su. Da wannan ne Lugga ya sa Arewacin Nijeriya cikin yankin hani, alhali a Kudu harajin barasar da ake shigowa da ita, mafi yawanta jin daga Holan da Jamus, shi ne babban ginshiƙin baitulmalin gwamnatin mulkin mallaka. Arewa ba ta da tashar ruwa kuma kuɗin shigarta bai ishe ta ba, wannan yana cikin dalilan haɗe ɓangarorin biyu a 1914. Saboda haka gardamar da muke ji a zamaninmu a kan rabon harajin giya tsakanin jihohin da suka hana ta da waɗanda ba su hana ba, ta girmi kakanninmu.

Wannan shi ne abin da ke cikin kwalbar. Ilmin da aka gyara don turare da magani, ɗan kasuwa ya juya shi don rage nauyin kaya, gwamnatoci suka yi ta shari'a a kan sunansa, aka kuma yi cinikin 'yan Adam da shi. Har yanzu ma ba ta fita daga rigimar manya ba, domin a 2024 da Tarayyar Turai ta ɗora haraji a kan motocin lantarki na Sin, birandin Faransa Sin ta fara kamawa ta rama. Allah ya tsare mu da zuri'armu daga abin da ya haramta, ya ƙara mana ilmi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.