Iyakar Kwafi 100 a Lasisin GFDL

GFDL lasisi ne da gidauniyar Free Software Foundation ta Amurka ta fitar a shekarar 2000 domin littattafan bayanin manhajoji. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya kwafa ko ya gyara rubutu, ya bar wa na gaba irin 'yancin da ya tarar. Sashe na 3 ya ɗora nauyi na musamman a kan wanda ya raba fiye da kwafi 100 a sigar da ba ta gyaruwa, kamar takarda: dole ya haɗa da fayil mai gyaruwa, ko ya nuna adireshin intanet inda za a sauke shi, adireshin kuma ya ci gaba da aiki aƙalla shekara ɗaya bayan rabon ƙarshe. Malamin da ya buga wa ɗalibai talatin ba ya ɗauke da wannan nauyi.

Rangwamen daidai ne, domin ba adalci ba ne a auna malami da ma'aunin kamfanin ɗab'i. Masu suka na cewa zai hana wasu masu karatu fayil ɗin asali, amma asalin yana nan a inda malamin ya samo shi. Gazawar gaskiya tana sashe na 2, wanda ya wajabta haɗa cikakken matanin lasisin da kowane kwafi, ko da shafi ɗaya ne, har lasisin ya fi rubutun tsawo. A 2009 Wikipedia, wadda ke amfani da GFDL, ta mayar da CC BY-SA babban lasisinta, wanda nuna adireshinsa kawai ya wadatar.