Wa ke biyan kuɗin magani a Dungu?

A da, idan ciwo ya kwantar da mutum a Dungu ko wani ƙauyen ƙasar Kance, magana tsakanin mutum biyu take ƙarewa. A kai wa malam kafin alƙalami, a ba wanzami abin da ya sawwaƙa, saura kuma sai an ji sauƙi, ko sai an sari rake an kai kasuwa. Mai magani ya san gidan, ya san gonar, bashinsa ba ya ɓata.

Likitar gwamnati ta zo da nata salon. Bayan Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, ana duba talaka a ƙananan likitoci ba a karɓi ko dala ba, hukumar ONPPC kuma ita ke shigo da magani. Kuɗin uraniyom sun riƙe tsarin a shekarun 1970. Da farashinsa ya faɗi a shekarun 1980, sai kantar magani ta bushe. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya duba yaro kyauta, ya rubuta takarda, uba ya nufi farmasi a Matamaye ko Damagaram, ko ya tsallaka Ɗan Barto ya sayo a Daura.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka tsayar cewa jama'a su riƙa sa hannu a aljihu, a riƙa juya kuɗin ana sayo magani mai rahusa. Nijar ba ta yi garaje ba, sai da ta gwada hanya biyu a 1993. A Say, marar lafiya ke biya ranar da ya zo: babba sefa 200, yaro 100. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji aka ɗora masa sefa 200 a shekara, da lafiyarsa ko babu, in ciwo ya zo babba ya ba da 50, yaro 25. Wannan inshora ce ta ƙauye, ko da ba a kira ta haka ba. Masu zuwa likita a Boboye suka ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100, kuma talakawa ne suka fi cin moriya.

Duk da haka, bayan dokar 1995 hanyar Say ce ta game ƙasa, har da Dungu. Abin takaici ne, domin manomi da kaka yake da kuɗi, zazzaɓin cizon sauro kuma da damina yake kama yara, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Yunwar 2005, wadda ta cika cibiyoyin tamowa na Maradi da Damagaram da yara, ta sauya lissafi. Gwamnatin Tandja Mamadou ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa a ƙarshen shekarar, a 2006 ta ƙara da awon ciki, tsarin iyali da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A nan na uku, wato gwamnati, ya shigo tsakani. Uwa ba ta biya. Majo ya cika takarda kan kowane yaro, a tattara a kai Matamaye, daga nan Damagaram, daga nan Yamai, inda ma'aikatar lafiya da ta kuɗi za su sa hannu kafin sisi ya dawo. Mata suka yi tururuwa da goyo, yara da yawa suka tsira. Amma kuɗin kan yi watanni, wani lokaci shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, kamar yadda masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, suka bi diddigi. Sai uwa ta yi layi tun hantsi, a ce mata dubawa kyauta ce amma sirop ya ƙare, ta fita da takarda a hannu, ta tsaya wajen mai tallar ƙwayoyi a tire ta sayi na dala ashirin.

Maƙwabta na kudu sun san irin wannan jira ta wata ƙofar. Shirin NHIS na Nijeriya, da ya fara aiki a 2005, ya sa kamfanonin HMO tsakanin ma'aikaci da asibiti. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Kano ko Katsina yakan zauna a benci yana jiran lambar izini daga kamfani kafin a tura shi wajen babban likita, asibitoci kuma na kukan ba a biya su kan kari. A Nijar irin wannan inshora ta tsaya ga ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni. Mai noman rake bai taɓa shiga cikinta ba.

A Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, ta mai da haihuwa kyauta, daga 1 ga Satumba. Sai dai da kuɗin da marasa lafiya ke zubawa a akwatin likita ake sake sayo magani, ga shi an raba su biyu. Cike giɓin ya koma wuyan baitulmali, wanda ya sha jinkirta biyan kuɗin kyautar 2006.