Koyi da Allah ta Hanyar Ƙauna Mai Sadaukarwa

Koyi da Allah ta hanyar ƙauna koyarwa ce ta addinin Kirista da ke cikin wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 5, aya ta 1 da ta 2. Wasiƙar ta buƙaci masu bi su riƙi halin ƙauna irin na Yesu Almasihu, wanda a bangaskiyarsu ya ba da ransa domin mutane. Ayoyin da ke kewaye sun danganta wannan da zaman yau da kullum: faɗin gaskiya, yafe wa juna, kame harshe, da neman halal domin a samu abin taimakon mabukaci.

A ƙasar Hausa, ana ganin koyarwar a aikin jinya. A ƙarshen shekarun 1930 wata mishan ta Kirista mai suna SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Aiki ne mai nauyi ƙwarai, domin a wancan zamani har dangi kan guji mai wannan cuta. Anka da Gummi da Bukkuyum, da ke yammacin Zamfara a yau, suna cikin Lardin Sakkwato ne tare da Amanawa a lokacin, kafin a kafa Jihar Zamfara a 1996.

A Nijar, SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan cibiyar jinya ta Danja kusa da Maradi. Akasarin marasa lafiyar da ake jinya a waɗannan wurare Musulmi ne. A Najeriya kuwa, Kiristocin yammacin Zamfara 'yan tsiraru ne, kuma ana karanta waɗannan ayoyi na Afisawa a majami'u da Hausa; cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.